An ba ka hedimasta? Ga ta inda za ka fara in kana so makarantarka ta amfani ƙasa

Kwanaki wani ƙanina da muka daɗe muna koyarwa tare ya kira ni da daddare, wai E.S., sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya miƙo masa takardar zama hedimasta a wata firamare can bayan gari, yara dam malamai ba su kai yatsun hannu biyu ba har da shi, yace Yaya ni fa ban san ta ina zan fara ba. Mun fi awa muna magana har kati ya ƙare, shine nace bari in zauna in rubuta abin ko zai amfani wani, hedimasta ne ko hedimistires ko firinsifal na ƙaramar sakandare, duk tafiyar ɗaya ce.

Da farko ka san inda kake tsaye. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa tsari a takarda ba. Tun 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, kuma a cikinta aka kwafo manyan burika biyar daga shirin raya ƙasa na biyu na 1970 zuwa 1974, wato al'umma mai 'yanci da dimokuraɗiyya, al'umma mai adalci da daidaito, ƙasa dunƙulalliya mai ƙarfi mai dogaro da kanta, tattalin arziki mai bunƙasa, da ƙasar da kowane ɗan ƙasa zai samu dama. Duk wanda yayi NCE ya haddace su saboda jarrabawa sannan ya manta. An yi UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, Obasanjo ya dawo ya ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai ɗaya na matakin farko, a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004 tace shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, aka ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya dominsa, sannan a 2015 muka shiga alkawarin muradun SDG na Majalisar Ɗinkin Duniya, na huɗunsu yace zuwa 2030 kowane yaro ya samu ilimi mai inganci. To duk waɗannan takardun hanyarsu ɗaya ce, daga Abuja hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa UBEC ta turo wa ta jiha SUBEB, SUBEB ta turo wa L.E.A. ta ƙaramar hukuma, su kuma su ajiye a teburinka, daga kai babu wani ofis a ƙasa sai allo da alli da yaro zaune a kan siminti. Saboda haka ni a wajena burin ƙasa in ya iso makarantarka abu uku ya koma, yaro ya zo, malami ya shiga aji, yaron ya iya karatu da lissafi. In ukun nan ba su samu ba komai aka rubuta a Abuja bai faru a garinku ba.

Makon farko kar ka canja komai, kar ka fara da fenti ko sabon kati na ofis. Ka ƙirga. Ka shiga aji aji da kanka ka ƙirga kawuna, ba sunayen da ke rajista ba, kuma ka yi ƙirgar a ranaku daban daban, Litinin, ranar kasuwar garin, da Juma'a, sannan ka sake ƙirgawa bayan an dawo daga tara domin akwai makarantun da rabin yara in suka fita tara sai gobe. Zaka ga rajista na faɗin abu ɗaya ajin na faɗin wani. Tun da aka fara ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, rajistoci da yawa suka kumbura, wasu yaran na gaske ne abinci ya jawo su wasu kuma suna ne kawai. Idan fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara shekara ya zo don Allah ka cike gaskiya, da wannan adadin naka ake lissafa malamai nawa jiha ke buƙata da littafai nawa za a buga, tsarin ƙasa yace malami ɗaya yara 35 a firamare, in kana da malami ɗaya kan yara ɗari da ashirin to ka rubuta haka, in ka gyara don a ce makarantarka na da kyau kai ka cuci kanka.

Abu na biyu shine wanda na fi so ka ba ƙarfi, ka gwada karatun yaran. Ba jarrabawar ƙarshen zango ba wadda malami ke rubuta tambaya a allo kowa ya kwafa daga na kusa da shi. Ɗauki takarda ɗaya ka raba ta gida huɗu, gida ɗaya haruffa goma a warwatse ba a jere ba don kar yaro ya rera maka waƙar a b c, gida na biyu kalmomi masu sauƙi irin su gida, rana, ƙosai, ɓera, na uku jimloli huɗu gajeru, na huɗu ɗan labari mai layi bakwai ko takwas. Ka zauna a gindin bishiya ka riƙa kiran yaran aji 3 zuwa 6 ɗaya bayan ɗaya, minti uku zuwa biyar ya ishi kowane yaro, ba bulala ba tsawa, ka fara masa da jimlolin in ya wuce ka kai shi labari in ya kasa ka dawo da shi kalmomi in ya sake kasawa haruffa, sai ka rubuta inda ya tsaya. Wannan dabarar wata ƙungiya ce mai suna Pratham a Indiya ta fito da ita kuma an gwada ta a Borno da Kano, ba ta buƙatar komai sai takarda da biro da haƙuri. Ka shirya wa abin da zaka gani domin zai ɗaga maka hankali, zaka samu ɗan aji 5 da littafinsa cike da rubutu mai kyau amma bai iya karanta layi ɗaya daga ciki ba, zane kawai yake yi. Ba ku kaɗai ba ne, rahoton Bankin Duniya na 2022 yace kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta.

In ka gama sai ka ware awa ɗaya kullum, ni na fi son awar farko bayan asembili kafin rana ta yi, ka rushe ajujuwan ka raba yaran bisa inda suka tsaya, masu haruffa wuri ɗaya ko ɗan aji 6 ne ko ɗan aji 3, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya, kowane rukuni da malaminsa, bayan awar kowa ya koma ajinsa. Manyan za su ji kunya da farko musamman samarin aji 6, kar ka kira rukunin da sunan daƙiƙai, ba su sunan launi ko na tsuntsaye. Kuma da Hausa za a fara. Nasan akwai iyayen da za su zo su ce mu turanci muka kawo shi ya koya, ka zaunar da su ka nuna musu, Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, yaron da ya gane ba be bi bo bu cikin 'yan makonni zai fara haɗa kalma da kansa, in ya riga ya san yadda harafi ke zama sauti turancin ma zai zo masa da sauƙi, amma ka ɗauki yaron da bai taɓa jin turanci a gidansu ba kace ya koyi karatu da sabon harshe a lokaci guda ai ka haɗa masa taura biyu a baki. A Bauchi da Sakkwato an raba littafan Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi shirin koyar da karatu na RANA, duk da Hausa aka yi su, in kana waɗannan jihohin ka buɗe sito ka duba, na sha ganin irin waɗannan littafan ɗaure a kwali gara na ci saboda hedimasta na tsoron kar su yage a tambaye shi. Littafin da ya yage a hannun yaro yayi aikinsa. Lissafi ma haka zaka yi, gane lamba, tarawa, ɗebewa mai aro, rabawa. Ƙarshen zango ka sake gwajin ka ga yara nawa suka tashi daga wannan gida zuwa na gaba, wannan ne ainihin rahoton aikinka.

Sai malamai, nan ne gizo ke saƙar. Ka riga kowa zuwa, wannan ba sai na ja ba, hedimastan da ke shigowa ƙarfe tara ba shi da bakin yi wa kowa faɗa. Littafin sa hannu ya zauna a teburinka ka ja layi da jan biro in lokaci yayi. Amma zuwa makaranta daban shiga aji daban, akwai malamin da ba ya fashi amma yini yake a benci ƙarƙashin darbejiya ana hirar siyasa da bashin albashi ya ba monita not yana kwafa wa yara a allo, saboda haka ka riƙa zagayawa, kuma duk mako ka zauna a bayan ajin malami biyu ko uku daga farkon darasi har ƙarshe. In an fito kar ka gyara masa a gaban yara ko abokan aiki, ku keɓe, ka fara da abin da yayi daidai sannan ka faɗi abu ɗaya tak da zai gyara, in ka zubo masa goma ba zai riƙe ko ɗaya ba. Kowa ya tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017 lokacin da gwamnatin El-Rufai ta ba malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji 4, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba aka sallame su. Ko me mutum zai ce kan yadda aka yi abin, matsalar tana nan, akwai malamai masu takardar NCE da su kansu suna buƙatar a koya musu. Kai ba ka da ikon ɗauka ko kora, ba kai ke biyan albashi ba, amma kana da ikon ware rabin awa ranar Alhamis bayan an tashi ku zauna wanda ya fi iya lissafin ɓangare ya koya wa saura, wadda ta fi iya koyar da haruffa ta nuna yadda take yi, kai ma ka zauna a benci kamar kowa.

Kuma ga wani abu da ake yi a baibai kusan ko'ina, a ɗauki malamin da ya fi kowa ƙwarewa a ba shi aji 6 saboda jarrabawar kwaman ta shiga sakandare, aji 1 kuma a tura wanda ake ganin ba shi da amfani ko wanda ake son hukuntawa. Juya shi. Gwaninka ya tafi aji 1 da 2, tun ran gini ran zane, in aka gyara can aji 6 zai gyara kansa bayan shekaru. Zai ji kamar an rage masa girma, to ka faɗa a gaban kowa dalilin da ya sa ka zaɓe shi.

Malami mai fashi kuwa ka bi shi a hankali, ka fara jin dalilinsa, wani acaɓa yake yi da safe saboda albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, wani gona ce da damina, wata goyo ne da nisan gida, wasu ana iya gyara musu jadawali a zauna lafiya. Wanda kuma yake taƙama da ubangida a siyasa kar ka yi cacar baki da shi, ka rubuta komai da kwanan wata, ka yi masa magana sau ɗaya sau biyu, ka ba shi takardar neman ba'asi, ka kai wa jami'in da ke zagayen makarantu da E.S. kwafi. Ba lallai a yi masa komai ba, ni ma an taɓa kira na a waya aka ce in janye takarda, amma sauran malamai suna kallo kuma sun ga ba ka kau da kai ba.

Yanzu fita daga harabar makaranta. Kafin ka cika wata ɗaya ka je ka gaida dagaci ko mai unguwa, ka gaida limamin Juma'a, ka gaida malaman makarantar allo da na Islamiyya, ka cire takalmi ka zauna a tabarma kace Allah gafarta malam na zo neman shawara ne, yaran nan namu ne tare. Ka ji lokutan da suke karatu, domin wani lattin da kake dukan yara a kai ba lalaci ba ne, daga makarantar allo suke ko daga ɗebo ruwa. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, UNESCO a 2022 tace sun kai wajen miliyan 20, kuma kowa ya san mafi yawansu a arewa suke, to waɗannan miliyoyin ba a Abuja suke ba, wasu suna tallan gyaɗa a ƙofar makarantarka, mai unguwa ya san gidan kowannensu. Ka farfaɗo da kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari da ke taya kula da makaranta, in ya mutu, kar ya zama suna a takarda da ake tunawa sai kuɗi sun zo, a samu mata a ciki na gaske masu magana, domin ranar da yarinya ta daina zuwa matan ne za su shiga cikin gida su ji dalili, kai ba za ka wuce zaure ba. Ka sa doka a wajen malaman aji, duk yaron da yayi kwana uku ba a gan shi ba a kawo maka sunansa a ranar, a tura wani gidansu kafin kwana uku su zama wata uku.

Maganar 'ya'ya mata ka yi ta da harshen da mutane suka yarda da shi. In ka fara da SDG ba wanda zai saurare ka, amma in ka tuna musu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata, sannan ka tambaye su in matarka za ta haihu wa kake so ya duba ta a asibiti, to zance ya fara shiga. Sannan ka duba banɗaki. Mutane na raina wannan amma yarinyar da ta fara girma ba za ta yini a makarantar da sai dai ta zaga bayan aji ba, in banɗaki ɗaya ne ke aiki ka ba 'yan mata, ka sa ƙofa da sakata da buta, malamai su yi haƙuri. In 'yan aji 6 sun gama kuma kar ka ɗauka aikinka ya ƙare, doka shekara tara tace ba shida ba, ka karɓi jerin sunayen ka je ƙaramar sakandaren da aka tura su bayan mako biyu ka ga su wa suka je su wa suka maƙale, in jiharku na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya na karatun 'yan mata irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno ka tambaya ko akwai tallafin da 'yan matan za su samu.

Kuɗi kuwa shi ke kayar da hedimastoci da yawa, ba don sun yi sata ba wani lokaci don ba su rubuta ba. Duk abin da ya shigo, tallafin gyara ne ko gudummawar wani ɗan gari ko ta tsofaffin ɗalibai, ka rubuta a kwali ka manna a bango inda kowa zai gani, nawa ya shigo nawa aka kashe a kan me, kuma kar ka yarda ka zama kai kaɗai ke sa hannu. Kar ka ƙirƙiro kuɗin tsintsiya da kuɗin jarrabawa da kuɗin kati kana korar yara a kai, naira ɗari da kake gani ba komai ba ita ke mayar da wani yaro talla. Ku zauna da SBMC ku zaɓi abu uku kacal da za a yi a shekara, kuma kwanon da iska za ta ɗauke a gyara shi tun bazara. Abin da ya fi ƙarfinku kamar sabon gini ko ƙarin malamai ka rubuta takarda, ka haɗa da hoto daga wayarka da ƙirgar nan ta gaskiya da ka yi, ka ajiye kwafi, ka sa shugaban SBMC da dagaci su raka ka, in an yi shiru ka sake rubutawa zango mai zuwa.

Tsaro ba sai an tuna maka ba bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disamban 2020 da Kuriga a Maris ɗin 2024. Ka riƙe lambar D.P.O. da ta shugaban 'yan sintiri da ta dagaci, malamai su san ta ina yara za su fita in wani abu ya taso kuma a gwada musu ko sau ɗaya a zango, in mutanen gari suka ce yau ba su yarda da yanayin daji ba ka saurare su.

Waɗancan burikan na adalci da haɗin kai ma ba sai ka yi lacca a asembili ba. Bari yara su zaɓi monita da ƙuri'a a ƙirga a gabansu, ɗan Fulanin ruga da ɗan Kirista da gurgu su zauna benci ɗaya da ɗan dagaci kuma duk wanda ya tsokane su ya gane ba ka wasa da wannan, a yi ɗan lambu a bayan aji kowane aji da kunyarsa su sayar da alayyahu su lissafa riba da kansu.

Na ƙarshe da na gaya wa ƙanin nan nawa, taransifa ba ta sallama, kana tsakiyar aiki za ka ga takarda. Saboda haka sakamakon gwajin karatun nan da ƙirgar yara da jerin waɗanda suka daina zuwa da abin da kuka yanke da SBMC duk ka rubuta su a log buk na makaranta, ba a littafin aljihunka ba, ka koya wa mataimakinka yadda ake gwajin har ya iya yi ba ka nan, ka ba shugaban SBMC kwafi ya ajiye a gidansa. Ya ce min ranar Litinin zai fara da aji 4, na ce ya tafi da takardar gwajin kala biyu saboda yara in sun fito suna gaya wa na baya abin da ke ciki.